Minti Biyar a Bakin Rijiya

A Lungun Kenanga da ke birnin Bandung na ƙasar Indonesiya, in ka ji ana zancen duhun zuciyar ɗan Adam tun ba a sha shayin safe ba, to Kang Dudung ne ya tashi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana zana katin gayyatar biki da bangon makarantun yara, har ranar da ya karanta rabin wani littafin falsafa. Daga nan ya sayi baƙaƙen riguna uku, ya daina gaisuwa da fara'a, ya sanar da unguwa cewa ya gano gaskiya: kowane mutum mugu ne, kunya ce kawai take rufa masa asiri. Kuma da wasan kwamfuta zai tabbatar da haka.

Matsalar ɗaya ce, hannun Kang Dudung bai sami labarin cewa maigidansa ya zama masani ba. In ya zana ƙoƙon kan mamaci, sai ya fito da kumatu. In ya zana kabari, sai mutum ya ji sha'awar shiga ya ɗan miƙe baya. Ranar da ya zauna zana dodon da zai firgita duniya, abin da ya fito ɗan agwagwa ne rawaya, mai manyan idanu da ƙafa ɗaya a karkace. Ya yi fushi kwana biyu, sannan ya ce ai da gangan ya yi, ya raɗa masa suna Koneng.

Wasan kuwa ga yadda yake. Kai da Koneng kuna tafiya a wata ƙasa inda farin wata yake yawo da silifa, cokali ne alƙali, gajimare kuma suna bin layin asibiti. Duk wanda kuka gamu da shi sai ya yi maka tambaya, ka zaɓi hagu ko dama. In ka zaɓi ba daidai ba, wani ɗan zomo mai murmushi ya zo ya binne ka, ya rubuta a kan kabarin, "Sannu da ƙoƙari, gobe ma haka ne." In ka tsira, a ƙarshe ku isa bakin wata rijiya mai magana.

Wata takwas yana wannan aiki a ɗakin gaba, ɗaki ɗaya tilo a gidan da ƙofarsa take kallon hanya. Matarsa Teh Imas kuwa, wadda duk unguwa ta san babu mai soya bala-bala, wato ƙosan fulawa da kabeji, kamarta, a tsakar gida take tuya, ta ɗora a tire ta zagaya lungu da ƙafa. Ɗakin take so ta buɗe rumfar abinci, kuma ba ta ɓoye ba.

Rannan da hantsi suka taru gaban keken tallan Mang Oleh mai miyar curin nama, har da mai unguwa Pak Koswara, sai maganar ta sake tashi.

"Kang, ɗakin nan fa," in ji Imas. "Ƙafafuna sun gaji."

"Imas, ƙafa kike zance? Ni ruhin ɗan Adam nake fiɗa a ɗakin nan."

"Wata takwas kana fiɗa, ko romo ba mu gani ba."

Mang Oleh ya ƙyalƙyale da dariya har ludayi ya suɓuce masa. Kang Dudung ya hura hanci, ya miƙe tsaye, ya ɗaga yatsa sama.

"To ku shaida! Ranar bikin 'yancin kai, sha bakwai ga Agusta, zan kafa wasana a filin unguwa. Ku kawo wanda kuka fi yarda da kirkinsa. In mutum ɗaya tak ya kai ƙarshen wasan nan bai ci amanar Koneng ba, ɗaki ya zama naki, ni kuma in ɗaura zanin girki in riƙa yi miki tuya. In kuwa ya ci, ba za a ƙara ta da zancen ɗaki ba har abada."

"Pak Koswara, ka ji da kunnenka?" in ji Imas.

"Na ji," in ji mai unguwa, yana gyara hula. "Ko da yake da an kira ɗan zama tukuna, da ya fi tsari."

Pak Koswara mutum ne da ko kwan fitilar lungu ba ya canzawa sai an yi taro, an sha shayi, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa.

Kang Dudung ya koma gida yana dariya a ciki, don ya san abin da ba su sani ba. A bakin rijiyar nan zaɓi biyu ne kacal. Hagu, ka tura Koneng ciki, rijiya ta gaya maka ma'anar rayuwa. Dama, ka miƙa shi ga mai miya, a ba ka taswirar komawa gida. Ko waliyyi ne ya zauna, sai ya ci amana. Shi a wurinsa wannan ba maguɗi ba ne, zurfin tunani ne.

Ya shiga shiri gadan-gadan. Da farko ya ce kukan Koneng bai kai ga taɓa zuciya ba, sai ya ɗauko na gaske. Ya tafi bayan gidan Mang Oleh inda ake kiwon agwagi, ya tsuguna da wayarsa yana cewa, "Yi kukan wanda ya gane duniya wofi ce." Uwar garken ta dube shi, ta kama masa hanci. Abin da wayar ta ɗauka ihunsa ne da salati, kuma da ya saurara daga baya ya ga ya fi na agwagwar ban tausayi, sai ya yi amfani da shi.

Sannan ya ce ƙananan maɓallai ba su dace da babban zaɓi ba. Ya shiga kicin ya ɗebo murfin tukunya biyu, ya haɗa musu waya, ɗaya hagu ɗaya dama. Ya shirya jin faɗa, har ya tanadi amsa. Imas ta dubi murafen, ta dube shi.

"Ka ɗauki na babbar tukunya ma in kana so, Kang. Ya fi ƙara."

Wannan sauƙin hali ya ɗan dame shi, amma ya ce a ransa ta sallama ne.

Ya jawo Mang Oleh gwaji. Mang Oleh ya zauna da maiƙo a hannu, ido na kan kekensa da ya bari a waje, yana ta bugun murfi ba tare da ya karanta ko harafi ba. Kan ka ce kwabo ya tura Koneng rijiya.

"Ka gani!" Kang Dudung ya daka tsalle. "Mugu! Ashe haka zuciyarka take, Mang?"

"Kai ka ce in buga."

"Zuciyarka ce ta ce!"

"Zuciyata cewa take miyata na tafasa. Buɗe min ƙofa."

To amma akwai abu ɗaya da Kang Dudung bai gaya wa kowa ba, ko kansa ma bai cika son gaya wa ba. Mai haɗa wasa dole ya buga wasansa sau ɗari a yini yana neman kuskure. Sau ɗari kenan yana kai Koneng bakin rijiya. Kuma kamar da gayya, daidai nan Imas take kiran sa cin abincin rana. Sai ya tashi ya bar ɗan agwagwan tsaye cikin yayyafi, da karkatacciyar ƙafarsa, yana ƙifta idanu yana jira. Kang Dudung ya kai loma baki, ta ƙi wucewa. Tausayi yake ji, tausayi na gaske, kuma haushin kansa yake ji da yake jin sa.

Saboda haka tun wata biyu kafin biki, wata rana da Imas ta tafi kasuwa, ya kulle ƙofa ya ƙara wani ɗan abu. In aka yi minti biyar ba a taɓa hagu ko dama ba, Koneng zai juya ya koma gida, a lulluɓe shi da bargo, a yi masa waƙar barci. Shi ya rera waƙar da kansa, sau ɗaya, bai ma iya sake saurara ba. Daga ranar ya dawo cin abinci har da ƙari.

Ya yi niyyar cirewa kafin biki. Ranar Litinin ya ce Talata. Ranar Talata ya ce ai abin minti ɗaya ne. Da safiyar bikin ya zauna, ya ɗora yatsa zai goge, Koneng ya ƙifta masa ido. Ya ce bari ya sha ruwa tukuna. Kafin ya dawo, 'yan kwamitin Pak Koswara sun shigo sun yi awon gaba da kwamfutar da murafen zuwa fili.

"Ba komai," ya gaya wa kansa, yana saka baƙar rigarsa ta uku. "Wane ɗan Adam ne zai ga maɓalli a gabansa ya yi minti biyar bai taɓa ba?"

Bayan azahar fili ya cika. Tutoci ja da fari sun rufe sama, a can gefe maza na ta zamewa daga sandar da aka shafe da mai suna neman kyaututtukan da ke samanta, lasifika na kiɗa kamar za ta tsage. An ɗora babban talabijin ɗin mai unguwa a kan tebur, Koneng na ciki yana kaɗa fiffike. Mata suka ce, "Wayyo, ji ɗan kyakkyawa!" Kang Dudung ya yi murmushin mugunta, ya karɓi abin magana.

"Jama'ar Kenanga! Yau za ku ga fuskarku ta gaskiya. Kuma don kada wani ya ce na sa hannu, na rantse yatsana ba zai taɓa murfin nan ba har a gama. Wa zai zauna?"

Nan aka fara abin da aka saba. Wannan ya ce wa wancan, "Bismillah, kai ne babba." Wancan ya ce, "A'a, ina ni ina shiga gaban Pak Koswara?" Pak Koswara ya ce shi shaida ne, bai kamata ba. Ana cikin haka taro ya dare, sai ga Imas riƙe da hannun Nini Uneh.

Nini Uneh ta haura tamanin. Ita ta karɓi haihuwar rabin mutanen da ke filin, har da Kang Dudung. In za ta sayi tumatir ɗaya, sai ta juya shi sau bakwai.

"Nini, kin iya?"

"Na iya fito da kai duniya da wannan katon kan naka, murfin tukunya ne zai gagare ni?"

Aka zaunar da ita, Pak Koswara na karanta mata rubutu. Farin wata ya zo da silifansa ya tambaya: ke kike cin shinkafa, ko shinkafa ce take cin kwanakinki?

"Wannan bai taɓa kwana da yunwa ba," in ji Nini, ta bugi hagu.

Cokali alƙali ya ce an kama inuwarta da laifin bin ta ba izini, a ɗaure ko a sake?

"A sake ta, ita kaɗai ke raka ni asibiti."

Sau biyu ɗan zomo ya binne ta, ta yi dariya har da tari, ta ce yaron yana da ladabi, ta sake farawa. Duk inda aka ba ta zaɓin abinci, Koneng take ba wa. Jama'a suka bar kallon masu hawan sanda suka kewaye tebur. Da haka har aka iso bakin rijiya, yayyafi ya sauko, Koneng ya ɗaga kai yana kallon ta. Pak Koswara ya karanta hagu, ya karanta dama.

Kang Dudung ya saci kallon agogon hannunsa.

"Karanta na ukun," in ji Nini.

"Babu na uku, Nini," in ji Kang Dudung da muryar masana. "Haka rayuwa take."

"Rayuwar wa? Shekarata tamanin da uku ban taɓa tura kowa rijiya ba."

"To ki miƙa shi ga mai miya."

"Tsaya!" Mang Oleh ya kutso, yana nuna talabijin. "Wannan ai kekena ne! Ga hulata, ga ma tabon da ke goshina! Dudung, ni ka mayar mahaucin jarirai?"

"Alama ce kawai, Mang, ta kwaɗayin..."

"Kwaɗayin wa? Nini, kada ki ba ni! Na rantse ba na karɓa!"

"To a tura shi rijiya a huta," wani ya faɗa daga baya.

"A'uzubillahi!" in ji wani dattijo mai kula da masallaci. "Agwagwa ta mutu a rijiya, da me jama'a za su yi alwala?"

Minti ɗaya da rabi. Gumi ya fara tsattsafo wa Kang Dudung a ƙeya.

"Nini, wasa ne fa. Buga kowanne."

"In wasa ne, me kake wa gumi?" Ta naɗe hannuwa. "Wannan magana ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Pak Koswara, me unguwa ta gani?"

Fuskar mai unguwa ta washe kamar an ba shi kyauta. Ya karɓe abin magana daga hannun Kang Dudung, ya yi gyaran murya, ya fara sallama. Ya gai da dattawa, ya gai da iyaye mata, ya gai da kwamitin shara, ya gai da waɗanda ba su sami zuwa ba.

"Pak, a taƙaita!" in ji Kang Dudung.

"Yanzu na fara, Kang. Ba a yanke wa rai hukunci da gaggawa. Ina shayi?"

"Ga shi nan tafe," in ji Imas, kuma abin mamaki, shayin a shirye yake, har da tiren bala-bala mai zafi.

Minti uku. Kang Dudung ya matsa kusa da tebur, ya yi kamar zai yi miƙa, gwiwar hannunsa ta nufi murfin dama.

"Kang," in ji Imas a hankali, "hannunka."

"Yatsa na rantse a kai, ba gwiwar hannu ba!"

"Pak Koswara, gwiwar hannu tana cikin rantsuwa?"

"Za mu sa shi a batu na biyu," in ji mai unguwa.

Wata mata ta kawo shawarar a yi wa rijiyar murfi. Wani ya ce a tambayi iyayen agwagwan. Mang Oleh ya nemi a fara goge tabon goshinsa. Kang Dudung ya durƙusa gaban tsohuwa.

"Nini, don girman Allah. Ma'anar rayuwa fa za a gaya miki! Ba kya son sani?"

"In ban sani ba har yau, rijiya ce za ta gaya min? Miƙo min shayina."

Minti huɗu da rabi. Dabara ɗaya ta rage. Kang Dudung ya yi kamar silifansa ya faɗi, ya shige ƙarƙashin tebur da rarrafe. Wayoyi uku ne a jikin soket, duka baƙaƙe. Ya rufe ido, ya kama ta tsakiya, ya fizge.

Kiɗan lasifika ya ɗauke ɗif. Talabijin na nan garau.

Filin da tun safe ba a jin maganar na kusa ya yi shiru, har waɗanda ke maƙale a jikin sanda suka waiwayo. A cikin wannan shirun Koneng ya juya wa rijiya baya, ya kama hanya yana ɗingishi, ya shiga wani ɗan gida mai kama da gidan Kang Dudung sak. Wani hannu ya ja masa bargo mai furanni. Sai murya ta fito, muryar da duk Kenanga ta sani, tana rawa:

"Yi barci Koneng, ɗan lelen Baba,
Rijiya ƙarya ce, ba mai tura ka.
Baba ya je ya ci abinci ya dawo,
Baba ba mugu ba ne, baki ne kawai."

Muryar ta karye, aka ji an ja majina, aka ji an ce, "Yi haƙuri, ɗana." Sannan rubutu ya fito da manyan haruffa masu ɗan zanen fure: ƘARSHE.

Mang Oleh ne ya fara sakin wata irin dariya da ta durƙusar da shi ƙasa. Fili ya ɗauka. Mutumin da ya kusa kai wa saman sanda ya saki hannu ya zamo kan 'yan uwansa. Mata na dariya suna share hawaye, su kansu ba su san wanne ne ya fi yawa ba.

Pak Koswara ya ɗaga ƙyallen tebur. Ga masanin duhun zuciya a tsugune, riƙe da wayar lasifika.

"Wannan... wannan gatse ne," in ji Kang Dudung daga ƙasa. "Salo ne mai zurfi. Ba kowa zai gane ba."

"Har da majinar?" in ji Mang Oleh.

"Fito, ɗana," in ji Nini Uneh. "Ranar da aka haife ka ma haka ka yi, ka cika gida da ihu, ashe runguma kake so."

A tarihin Lungun Kenanga ba a taɓa yanke hukunci da sauri kamar na ranar ba. Mai unguwa ya tambaya ko an kai ƙarshe, aka ce an kai. Ko an ci amanar Koneng, aka ce ba a ci ba. Imas ta buɗe jakarta ta zaro zanin girki sabo fil, an ma riga an rage masa igiya daidai ƙugun mijinta.

Cikin mako guda ɗakin gaba ya zama rumfa. Kang Dudung ya sha alwashin zana allon da zai kori masu saye, ya zana wata baƙar tukunya mai haƙora, ta fito da kumatu, mutane suka riƙa zuwa daga wasu unguwanni suna ɗaukar hoto. Kwamfutar kuwa Imas ba ta fitar ba, ta ba ta ɗan tebur a lungu, masu jiran tuya suna bugawa. Duk wanda ya isa rijiya sai ya naɗe hannu ya jira waƙa.

Wata ranar da ciniki ya lafa, Kang Dudung yana tsaye gaban kasko, ya kasa haƙuri.

"Imas, ya aka yi kika sani?"

"Wa kake tsammani yake share ɗakin nan in kana cin abinci? Wata biyu ina jin waƙar nan kullum."

"Wata biyu! Kika yi shiru, kika ba ni murfi, kika dafa shayi! Kin gani? Na faɗa, ɗan Adam mugu ne. Ga hujja a cikin gidana!"

"Da na faɗa, da ka cire." Ta ci gaba da yankan kabeji, ba ta ɗago ba. "Kuma ba don ɗaki kawai ba. Wata takwas ina neman mijina a cikin baƙar riga, a waƙar nan kaɗai nake samun sa."

Kunya ta kama Kang Dudung, da wani daɗi da bai shirya masa ba.

"Juya, Kang," in ji ta. "Yana ƙonewa."

Ya juya bala-balan. Can ƙasa-ƙasa, ba tare da ya sani ba, ya fara rera waƙar, Imas kuma ta rage ƙarar wuƙarta don ta ji.